Takobin haske, laftof da kumbon baƙi: yaushe ne labarin fim ya ɓarke?

"Malam, barka da aiki. Ni da wani abokina mun kwana biyu muna tafka gardama a majalisarmu. Mun sake kallon Independence Day, sai ya ce fim ɗin shirme ne, wai ta yaya mutum zai ɗauki laftof ya zuba wa kumbon halittun wata duniya cutar kwamfuta, alhali ko cajar wayarsa ba ta shiga tawa. Daga nan ya koma kan Star Wars, ya ce har yau ba wanda ya faɗi abin da ya sa takobin haske yake tsayawa a kamu biyu bai zarce ba. A ganinsa duk fina-finan nan cike suke da giɓi. Ni kuma na ce masa ai fim ne. Shin duk abin da ba a yi bayaninsa ba kuskure ne a labari? Wa ya fi gaskiya a cikinmu?"

Wani mai karatu daga Zariya

Barka kadai, ɗan'uwa. Kada ranka ya ɓaci, amma kai da abokinka kowa ya kama gaskiya ta gefe guda ya saki ɗaya gefen. Shi ya haɗa abubuwa biyu da ba dangin juna ba ya zuba su a buhu ɗaya, kai kuma "ai fim ne" da ka ce amsa ce da ke rufe baki amma ba ta raba gardama. Da haka ne, da babu fim mai kyau babu maras kyau. Tambayarka a taƙaice ita ce: mene ne bambancin abin da fim ya ƙi faɗa da abin da fim ya faɗa sannan ya ƙaryata kansa? Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, ina kuma duba rubutun labarin fim ga masu shiryawa kafin su fita lokeshin, don haka ta ƙofa biyun nan zan shigo maka.

Abin da ba a faɗa ba

Ka tuna lokacin da ake yi mana tatsuniya. Ban taɓa jin yaron da ya katse kakarsa ya ce, "Kaka, yaya aka yi gizo-gizo ya iya magana har ya auri mata?" Da an ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya yarda Gizo zai yi magana, Dodo zai fito daga ruwa. Amma bari tsohuwa ta manta, ta ce Dodo ya haɗiye ɗan sarki, can gaba kuma ta kawo ɗan sarkin nan zaune a fada ba tare da ta faɗi yadda ya fito ba. Nan take za ka ji an ce, "Kaka, ba kin ce an haɗiye shi ba?" Yaro ɗan shekara 6 ya riga ya san bambancin da kuke gardama a kansa. Maganar Gizo sharaɗin shiga tatsuniyar ce. Dawowar ɗan sarki kuwa tufka da warwara ce.

Takobin haske maganar Gizo ce. Tun fim ɗin farko na 1977 an nuna mana abin da yake yi: yana yanke gaɓa, yana karo da ɗan'uwansa, yana kare harbi. Shi ke nan abin da labarin yake bukata daga gare shi. A matsayina na malamin fiziks zan gaya maka abokinka yana da hujja ta fuskar kimiyya, don haske ba ya tsayawa da kansa a iska, kuma fitila biyu in ka gitta haskensu ratsa juna suke yi ba sa ƙara. Sai dai fim ɗin bai taɓa cewa darasin kimiyya yake bayarwa ba. Da kalmomin da ya buɗe da su ma ya sanar da kai cewa labarin wani zamani ne mai nisa a wata duniya mai nisa, wato ga ta nan ga ta nanku ɗinsa ke nan.

Gardamar taku kuma tsohuwa ce ƙwarai. A 1865 Bafaranshen nan Jules Verne ya rubuta labarin zuwa wata, ya tura mutanensa cikin harsashin wata ƙatuwar igwa, ya cika littafin da lissafi. A 1901 Baturen Ingila H. G. Wells ya yi nasa, ya ƙago wani sinadari da ke kare abu daga ƙarfin jan ƙasa. Verne bai ji daɗi ba. A wata hira a 1903 ya ce shi da fiziks yake aiki, Wells kuwa ƙirƙira yake yi, in ya isa ya nuna masa wannan ƙarfen. Abin dariya shi ne igwar Verne, da a ce an harba ta da gaske, fizgar tashin kaɗai za ta niƙe mutanen ciki kafin su fita daga bakinta. Wanda ya yi bayani mai tsawo ya fi shiga kuskure, wanda ya ce "a ɗauka akwai" ya tsira.

Sau da yawa ma na'urar da masu kallo ke neman bayaninta ba daga ɗakin bincike ta fito ba, daga aljihun furodusa ta fito. Shirin talabijin na Star Trek da ya fara a 1966 yana da na'urar da ke narkar da mutum a cikin kumbo ta haɗa shi a doron wata duniya. Dalilin ƙirƙirarta shi ne ba su da kuɗin nuna kumbo yana sauka kowane mako. Masana suka ce ai wannan ya saɓa wa ƙa'idar da Heisenberg ya fitar a 1927, wadda ta nuna ba za ka iya sanin ainihin inda ƙwayar zarra take da ainihin gudunta a lokaci guda ba, to yaya za a sake jera mutum daidai? Sai masu shirin suka ƙara wani ɓangare a na'urar suka sa masa suna mai gyara matsalar Heisenberg. A 1994 mujallar Time ta tambayi Michael Okuda, ɗaya daga masu ba shirin shawarar fasaha, yadda ɓangaren yake aiki. Ya ce yana aiki lafiya lau, ya gode. Ni a wurina babu amsar da ta fi wannan gaskiya.

Akwai kuma ranar da aka biya wa masu neman bayani bukatarsu suka yi da-na-sani. Shekara 22 masu kallon Star Wars suna jin daɗin wannan ɓoyayyen ƙarfi da jaruman ke aiki da shi, kowa da yadda yake fassara shi a ransa. A 1999 sai The Phantom Menace ya zo ya ce ai wasu ƙananan halittu ne a cikin jiki, har ana iya ɗibar jini a ƙirga su. Har yau da yawa ba su yafe ba. An mayar da abin da yake kamar baiwa ya koma kamar gwajin asibiti.

Inda ɓarakar take

Ɓaraka ta gaskiya tana faruwa ne idan fim ya kafa doka da bakinsa, ya jingina labarin a kanta, sannan ya taka ta ba tare da ya ce uffan ba.

Dubi The Terminator na 1984. 'Yan sanda sun tsare Kyle Reese, sojan da aka turo daga zamani mai zuwa, suna tambayarsa me ya sa bai zo da makamin zamaninsu ba. Ya ce na'urar keta zamani ba ta wucewa da komai sai mai rai, shi ya sa ya iso tsirara, shi kuma mutum-mutumin da aka turo yin kisa ya wuce ne don an lulluɓe ƙarfensa da nama mai rai. Da aka matsa masa kan yadda abin yake, ya fusata ya ce ba shi ya ƙera ta ba. Wannan rubutu ne na gwani: an ba da doka, an toshe bakin mai tambaya, kuma soja ne ke magana ba injiniya ba. To a 1991 sai ga kashi na biyu da sabon abokin gaba wanda gaba ɗayansa narkakken ƙarfe ne, babu tsoka ko ɗaya, kuma ya wuce ta na'urar nan. Fim ɗin bai tanka ba. Masoyansa sun yi ta ɗinke wurin da hasashe iri-iri, amma ɗinkin nasu ne, ba na fim ba. Wannan ita ce ɓaraka, ko da yake ƙarama ce, kuma ba ta hana fim ɗin zama abin da ya zama ba.

Na taɓa cin karo da irinta a kan teburina. An kawo mini wani rubutu, jarumin yana da layar zana, bokan da ya ba shi ya gindaya masa cewa duk ranar da ta taɓa ruwa ta karye. Shafi wajen 40 bayan nan sai ga jarumi ya yi iyo ya haye kogi, ya shige gidan sarki ba wanda ya gan shi. Na kira marubucin. Ya ce, "Malam, ai laya ce, duk ƙarya ce, wa zai tambaya?" Na ce masa ba wanda zai tambaye ka yadda laya ke ɓatar da mutum, amma kowace mai kallo da ke tuƙa tuwo tana leƙen talabijin za ta tuna maganar ruwa, don kai ka ce ta tuna. Gyaran bai ci mana minti 10 ba: ya kwance layar ya ƙunshe ta a rawani a ka kafin ya shiga ruwa. Fitowar ma ta fi armashi, don yanzu mai kallo yana fargabar kada rawanin ya jiƙe.

Akwai wata iri da ta fi wannan wuyar sha'ani, ita na fi so mu daɗe a kanta, don a nan ne masoya Star Wars suka fi raba gari. A The Last Jedi na 2017, wata kwamanda mai suna Holdo ta juya kumbonta ta kunna gudun da ake keta sararin samaniya da shi, ta tsarge babban kumbon maƙiya gida biyu, tarkacen ya farfasa na bayansa. Fitowar tana da kyau ƙwarai, har sauti aka ɗauke na 'yan daƙiƙu. Babu wata doka da aka taɓa furtawa wadda ta hana hakan, don haka in ka bi ma'aunina na farko ba ɓaraka ba ce. Amma ka tsaya ka yi tunani. In tsohon kumbo guda zai iya wannan ɓarna, me ya sa a 1977 aka tura matuƙa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya don jefa bam a ramin da faɗinsa mita 2 ne a jikin ƙatuwar tashar yaƙin maƙiya? Me ya hana a ɗaura wa dutse inji, a sa mutum-mutumi ya tuƙa, a auna shi a kan tashar yaƙin? Fitowa ɗaya ta koma baya ta sa jaruman shekara 40 sun zama kamar marasa dabara. Masu shiryawa sun ji ƙorafin, don a fim na gaba a 2019 wani ya kawo shawarar a sake wannan dabara, aka ce masa sa'a ce ta ɗaya cikin miliyan. Layi ɗaya aka jefa don toshe kafar, kuma toshiyar ta buɗe wata: in haka ne, ashe caca Holdo ta yi da ran mutanenta. Abin da na koya daga nan shi ne doka ba sai an furta ta ba. Abin da mutanen labari suka daɗe ba sa yi, shi ma doka ne a idon mai kallo.

Ramin mita 2 ɗin nan kuwa, da aka shekara ana yi masa dariya har Rogue One ya zo a 2016 ya ce wani injiniya ne ya dasa raunin da gangan, ni ban taɓa ganinsa a matsayin giɓi ba. Injin da ke iya tarwatsa duniya guda dole ya fitar da zafi ta wani wuri. Ko babur yana da salansa.

Sai laftof ɗin abokinka

A nan ya fi kusa da gaskiya, amma ba ta inda yake zato ba. Independence Day na 1996 bai jefo maganar daga sama ba. Tun farko an nuna David, jarumin mai laftof ɗin, shi ne ya gano saƙon da baƙin suka ɓoye a taurarin ɗan'adam na duniya, wanda ke nufin tsarinsu da namu sun riga sun yi magana da juna. An kuma nuna cewa akwai ƙaramin kumbonsu a hannun sojan Amurka shekaru da dama ana nazarinsa. Har akwai fitowar da aka yanke daga wanda aka nuna a sinima, inda David yake bincikar kwamfutar ƙaramin kumbon. Ka ga gadar tana nan, siririya ce kawai. Mutum ɗaya, dare ɗaya, ya rubuta cutar da za ta durƙusar da rundunar da ta keto taurari, kuma ba su da ko makulli a ƙofar kwamfutarsu. Fim ɗin bai ƙaryata kansa ba, sa'a ce ya ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta. Dabarar ma aro ce daga tsohon labarin Wells na 1898, inda ƙwayoyin cuta na duniya suka kashe maharan da suka zo daga duniyar Mas bayan bindigogi sun gaza. Nan aka mayar da cutar ta kwamfuta.

Maganar yanke fitowa tana da muhimmanci, don a abin da na gani yawancin giɓi ba a kan takarda ake haifarsa ba. A ɗakin tace hoto ake haifarsa, lokacin da aka ce fim ya yi tsawo a rage minti 15, sai almakashi ya faɗa kan mutum biyu da ke zaune suna bayani, don su ne ba sa gudu ba sa harbi. Mu kuma nan muna da ƙarin wani matakin: fassara. Mai fassara yana kokawa da motsin baki da lokaci, ga son ya ba da dariya, sai jimlar da ke ɗauke da dokar labarin ta koma barkwanci. Kafin ku yanke wa fim hukunci a majalisa, ku tabbata wanda kuka kalla cikakke ne.

Kimiyyar da aka karya ido buɗe

Wani abin da ake kira giɓi kuskuren kimiyya ne kawai, kuma sau da yawa marubucin ya sani. The Martian na 2015 ya fara da guguwar da ta kusa kifar da roka a Mas. Nauyin iskar Mas bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, don haka ko ta yi gudun mota a babban titi, abin da za ka ji a jikinka bai wuce iskar fanka ba. Andy Weir da ya rubuta littafin ya amsa da bakinsa cewa ya sani, yana so ne duniyar ta fara kai hari. Ƙarya ɗaya ya saya a bakin ƙofa, sauran labarin ya biya da lissafi.

Na The Matrix na 1999 ya fi ci mini rai, don shi nake ba ɗalibai a aji. An ce injuna suna kiwon mutane don su tatsi wutar jikinsu. Jikin babban mutum a zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100, kuma daga abincin da ya ci yake fitowa, kusan kalori 2000 a yini. Ba za ka taɓa tatsar abin da ya fi wanda ka zuba ba. Fim ɗin ya ce ana narkar da matattu a ciyar da rayayyu, wato ka shayar da saniya nononta kana kuma sa ran ragowar da za ka kai kasuwa. Kimiyyar ta rushe, amma labarin bai rushe ba, don daga farko har ƙarshe bai saɓa wa abin da ya ce ba.

Iyakar wannan ma'auni

Ba zan ɓoye maka ba, ma'aunin nan ba ya raba kowace gardama, don nauyin laifi yana bin girman alkawari, alkawarin kuma kowa da yadda ya ji shi. Interstellar na 2014 ya ɗauko Kip Thorne, masanin da ya zo ya ci kyautar Nobel a 2017, ya tsara masa lissafin baƙin rami, wato wurin nan a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa ƙarfin jansa. Duniyar da ke kusa da ramin, wadda awa 1 a kanta take daidai da shekara 7 a nan, an yi lissafinta, har Thorne ya rubuta littafi guda kan kimiyyar fim ɗin. To fim ɗin da ya yi wannan rantsuwa, shi ne ya nuna ana bukatar ƙatuwar roka mai hawa-hawa don barin duniyarmu, sannan ƙaramin jirgin jaruman ya tashi da kansa daga duniyar da janta ya fi namu da kashi 30 cikin 100. Da a Star Wars ne ko kallo bai ishe ni ba. A nan kuwa duk lokacin da na zo wurin sai na ji tsakuwa a shinkafa. Wani abokin aikina da muke koyar da darasi ɗaya bai taɓa lura ba sai da na nuna masa, da na nuna masa kuma ya ce bai dame shi ba, shi kukan uban da ya tarar da saƙonnin shekara 23 ne ya tsaya masa a rai. Ba ni da lissafin da zan ce masa ya yi kuskure.

Shahararren daraktan fim Alfred Hitchcock yana da suna ga irin wannan: abin da ba ya faɗo maka sai ka koma gida ka buɗe firiji kana neman ragowar kaza. A wurin mai shirya fim, in tambayar ta jira har ka isa firiji, ya ci riba. In ta taso kana zaune a gaban allo, ya faɗi. Don haka ka tambayi abokinka yaushe maganar laftof ta faɗo masa. Ka ce sake kallo kuka yi. In a kallon farko yana cikin masu ihu lokacin da uwar kumbon ta tarwatse, sai yanzu da ya girma ya sayi caja iri uku ya tuna, to kan takobi kai ka ci, kan laftof kun yi canjaras, kuɗin shayin daren nan kuma ku raba biyu.